Gora Ɗaya, Mutum Goma Sha Uku: Duba ga Wasan Yé! na Matasan Gini

A harshen Susu, kalmar "ye" na nufin ruwa. Shi ne sunan da ƙungiyar Circus Baobab ta birnin Konakiri ta ba wasan da ta fito da shi a 2022, inda matasa goma sha uku, maza da mata, suke alkafura da tsalle da hawan kafaɗar juna a kan dandalin da aka baje da gorunan roba da aka mutsuttsuke.

Irin wannan wasa shi Turawa ke kira sakas. A da, zaki da giwa da mai ban dariya ne jarinsa. Daga shekarun 1970 wasu 'yan wasa a Faransa suka ajiye dabbobi, suka ce jikin ɗan Adam ya isa ya ba da labari. Ɗaya daga cikinsu, Pierrot Bidon na ƙungiyar Archaos, yana cikin waɗanda suka kafa Circus Baobab a 1998. Ƙungiyar ta yi tashe, ta yi shiru, sai ga sabbin jini sun tashe ta a ƙarƙashin Kerfalla Camara, tare da Bafaranshe Yann Ecauvre a matsayin mai tsara wasa.

Abin da ya fi burge ni a Yé! shi ne kowane tsalle yana da dalili. A tsohon sakas mutum kan yi alkafura don kawai a ce ya iya, a tafa, ya rusuna. A nan kuwa gorar ruwa ce a tsakani, kowa na so. Idan aka ɗora mutum a kan mutum har hawa uku, na saman yana miƙa hannu ne ga abin da zai jiƙa maƙoshi, na ƙasa kuma, da jijiyar wuya a miƙe, yana ɗauke da wanda wataƙila ba zai rage masa ko kurɓi ba. Kuma babu ƙarya a ciki. Ɗan fim zai iya kukan ƙarya, amma wanda aka cilla sama, in abokansa suka yi sakaci, ƙasa ce za ta karɓe shi. Saboda haka ko a lokacin da labarin ke cewa gaba ake yi, jikinsu na faɗin wani abu daban: waɗanda suke kokawa da kai su ne za su cafe ka. Wannan saɓani shi ne ƙashin bayan wasan, kuma ba a buƙaci kalma ko ɗaya ba wajen nuna shi.

Zaɓen ruwa ma ba a banza ba ne. Daga tsaunukan Gini kogin Kwara ya taso kafin ya ratsa Mali da Yamai ya shigo Najeriya. Daga can kogin Senegal da na Gambiya suka fito. Konakiri na cikin biranen da suka fi samun ruwan sama a Afirka ta Yamma, amma unguwanni da yawa jarka suke bi. Duk wanda ya taɓa jiran mai garuwa ba ya buƙatar tafinta.

Sai dai a nan ne nake da ja. Wasan ya nuna talaka yana ƙwace gora a hannun talaka, ya maimaita, ya sake maimaitawa, amma wanda ke riƙe da kan famfo bai bayyana ba. Ƙishirwa ta zama kamar ƙaddara, alhali a ƙasa mai wannan albarkar ruwa aikin hannun mutane ce. Wannan giɓi yana ƙara nauyi idan aka tuna su wa ke kallo. Sunan wasan ya watsu ne bayan ƙungiyar ta kai zagayen ƙarshe na gasar talabijin ta La France a un incroyable talent a 2022, kuma dandamalin Turai ne suka fi ganinsa. Baƙaƙen matasa suna dambe kan ruwa a cikin shara hoto ne da mai kallo a Faris ya riga ya saba da shi. Zai tausaya, ya tafa, ya koma gida ba a tambaye shi komai ba.

Ga mai kallo ta waya, a gutsattsarin gasar da ke YouTube an tattaro tsalle mafi hatsari an jera cikin 'yan mintuna. Ku lura da hannuwan na ƙasa, da yadda idanunsu ba sa barin wanda ke sama har sai ya sauko.