Jinjina ga Masu Gashin Ƙashi

Yaron da doguwar naƙuda ko shawarar jarirai ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, wuyansa ba ya tsayawa, kuma uwa ce ke kwana a zaune da shi. A sashen gashi na Asibitin Malam Aminu Kano da na Dala, masu gashin ƙashi sun gane haka. Sai su kama hannun uwa, su nuna mata yadda za ta zaunar da shi cikin baho, ta tokare shi da matashi, ta miƙar da ƙafar da ta ƙage a hankali. Gwanayen cikinsu kan ce, "Maman yaro, ke kina samun barci kuwa? Mako mai zuwa ku zo da babansa." Dangi dai suna can suna cewa iska ce.