Na'ura a Kunne, Tarihi da Giɓi: Nazari Kan Baje Kolin Tsofaffin Kwamfutoci

Tun daga shekarar 1997, lokacin da aka fara bikin Vintage Computer Festival a jihar Kalifoniya ta Amurka, masu sha'awar tsofaffin kwamfutocin gida suke taruwa domin baje abin da suka adana. Bikin ya yi rassa, har da wanda ake gudanarwa a New Jersey da na birnin Munich a Jamus. Abin da ya bambanta shi da yawancin gidajen tarihi shi ne na'urorin a kunne suke, kuma an yarje wa baƙo ya zauna ya danna da hannunsa.

Wannan tsari ya cancanci yabo. Kwamfutar da aka kashe aka rufe cikin gilashi tamkar kalangu ne da aka rataye a bango: ana ganin fata da itace, amma ba a jin kiɗa. Idan aka kunna Commodore 64, wadda ta fito a 1982, shuɗin allo ne ke bayyana, ya sanar da cewa saura gurbin bayit 38911, sannan ya tsaya yana jiran umarni cikin harshen BASIC. Daga nan kaɗai baƙo zai fahimci cewa an ƙera na'urar ne da tsammanin mai ita zai rubuta mata manhaja da kansa.

Sai dai akwai rauni a yadda ake nuna su. A zamaninsu, yawancin masu ZX Spectrum a Ingila daga kaset suke loda wasa. Aikin kan ɗauki mintuna da dama, ana jin ƙara mai kaifi, layuka masu launi suna rawa a gefen allo, wani lokaci kuma lodin ya lalace a dab da ƙarshe, sai an sake daga farko. A yau masu baje koli da yawa sun maye gurbin kaset da ƙaramin katin ajiya na zamani, wanda ke buɗe wasa cikin daƙiƙu. Uzurinsu a fili yake: kaset mai shekara arba'in ba abin dogaro ba ne, baƙo kuma ba ya son jira. Amma jiran nan yana cikin tarihin. Shi da tsadar wasanni ne suka sa yaro ya daɗe a kan wasa guda, ko ya kwafi manhaja layi-layi daga mujalla, har ya koyi sana'ar ba tare da malami ba. Wanda ya ga ɗaruruwan wasanni suna buɗewa nan take zai tafi da hoton zamanin da ba a taɓa yi ba.

Ba a nufin a haramta gyara. Wasu kayan lantarki da ke cikin BBC Micro sukan tsage su fitar da hayaki idan sun tsufa, dole a canza su. Hasali ma, aikin masu gyara ya wuce nishaɗi. A 1986 BBC ta tattara bayanan rayuwar Birtaniya a faifan leza domin cikar littafin Domesday shekara 900. Kafin a cika shekara ashirin, samun na'urar da za ta karanta faifan ya yi wuya, alhali littafin na 1086 yana nan ana karantawa. Saboda haka duk wanda ya raya tsohuwar na'ura ya tsare ƙofar shiga wasu bayanai.

Abin da ake nema shi ne gaskiya wajen nuni. Ya kamata kowace na'ura ta zo da takarda mai bayyana abin da yake na asali da abin da aka sauya. Ya kuma dace a kowane tebur a bar na'ura ɗaya tana lodi daga kaset, da ƙararta da jinkirinta. Wasu baƙi za su gaji su wuce, amma waɗanda suka tsaya har lodin ya kammala za su san yadda aka yi rayuwa da waɗannan na'urori.