Tambarin da za a iya aiken yaro da shi

Allunan shaguna sun sauya kama a hanyar Sakkwato zuwa Jega. Daga Shagari zuwa Dogon Daji zuwa Tambuwal, har a karkata a nufi Kebbe da Fakku, rubutun fenti a kan langa-langa yana ja da baya, bana mai sheƙi wadda inji ya buga tana maye gurbinsa. Mai POS yana da tasa, mai cajin waya yana da tasa, makarantar Islamiyya ma in za ta yi walimar sauka sai an buga mata. Yawancin masu tsara su matasanmu ne. Da waya da manhajar Canva ko PixelLab suke haɗa zanen, su tura wa mai inji a birni ta WhatsApp, direban mota ya kawo a naɗe. Ina murna da wannan sana'a ƙwarai, domin yaro ya samu na kansa bai bar garinsu ba. Damuwata ita ce mafi yawan zanen ba don idon mutumin Fakku ake yin sa ba.

A tsaya gaban banoni biyar a jere a duba. Launi ya yi yawa, rubutu iri-iri ya cika ko'ina, ga hoton baturiya a shagon magani, ga dogon suna na Turanci wanda mai shagon kansa ba ya faɗinsa. Duk kamarsu ɗaya, saboda daga samfuri ɗaya aka kwaso su. An biya kuɗi an rataya, amma har gobe in za a yi kwatancen wurin sai a ce shagon Alhaji na bakin tasha. Ke nan banar ba ta yi aikin da aka saye ta dominsa ba.

Alhali kuwa mutanenmu gwanaye ne wajen riƙe alama, kuma manyan kamfanoni sun daɗe da gane haka. Iyayenmu mata ba su taɓa wahalar faɗin sunan kaya da Turanci ba. Cewa suke yi a sayo garin sabulu mai giwa, ko sabulu mai agwagwa, ko batir mai kan damisa, yaro ɗan shekara shida ya ruga kanti ya dawo da abin da aka aike shi. 'Yan siyasa sun fi kowa sanin wannan. NPC ta Sardauna fartanya ce alamarta, NEPU tauraro. A 1979 NPN ta Alhaji Shehu Shagari ta zo da gida da masara, PRP ta Malam Aminu Kano da mabuɗi. A 1993 doki ne alamar SDP. Yau kuma lema da tsintsiya ko makaho ya ji labarinsu. Kusan kowace alama abu ne guda ɗaya tak, wanda manomi ya sani a gidansa ko gonarsa, yana da suna a bakinsa, ana hango shi daga nesa. A wurina ma'aunin tambari mai kyau ke nan: za a iya aiken yaro da shi? Matar da ke soya ƙuli-ƙuli a Fakku, in ledarta na ɗauke da hoton tattabara ɗaya ja, wata biyu ya isa a fara cewa a kawo mai tattabara a kasuwar Tambuwal.

Masu ƙungiyoyin taimakon al'umma ma suna da abin koyi a gida, ba sai sun je nesa ba. Lokacin da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta kafa tsarin 'Yan Taru don karantar da matan karkara, kowace jaji, wato malamar da aka naɗa ta jagoranci matan, ana ba ta malfa da jan ƙyalle a ɗaure a jikin malfar. Duk ƙauyen da ta shiga, kafin ta buɗe baki an san ko wace ce da wanda ya aiko ta, kuma an san a ba ta hanya. Nana Asma'u ta rasu a 1864, amma har yanzu in ana tarihin 'Yan Taru sai an ambaci wannan malfa.

A kwatanta wannan da allon da ake kafawa a gindin rijiyar burtsatse yau. Tamburan masu ba da tallafi a jere daga sama, dogon bayani da Turanci a tsakiya, ranar ƙaddamarwa a ƙasa. Na san masu ba da kuɗi sukan gindaya sharaɗin a sa tambarinsu, kuma haƙƙinsu ne. Amma allo fuska biyu gare shi, kuma ko a fuska ɗaya akwai fili. Me zai hana a rubuta da Hausa wanda ke kula da rijiyar da lambar da za a kira in famfo ya lalace? Matan da ke ɗibar ruwa a wurin kullum su ne masu karatun allon na gaskiya, ba baƙon da ya zo ya ɗauki hoto ya koma Abuja ba.

Batun harshe shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. A yankinmu akwai dattawa da mata masu yawa da ba su zauna ajin boko ba, amma sun yi allo, suna karanta ajami sarai. Da Babban Banki ya cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007, sannan daga sabuwar naira 100 a 2014, mun yi ta ƙorafi, kuma da gaskiyarmu. To ga shi mu da hannunmu mun cire shi daga allunan shagunanmu ba wanda ya tilasta mana. Layi ɗaya na ajami a ƙarƙashin sunan shago ba ya ƙara kuɗin bugu ko sisi. In kuma an tashi rubuta Hausar boko, sai ka ga ƙ da ɗ da ɓ sun ɓace, domin salon haruffan da aka zaɓa ba shi da su, mai zanen kuma bai damu ya nemi mai su ba. Akwai su, kyauta ma. Wanda ya karɓi kuɗin mutum don ya rubuta masa suna, wajibinsa ne ya rubuta shi daidai.

Akwai kuma abubuwan da mai ƙaramar sana'a ya kamata ya sani kafin ya miƙa kuɗi. Hoton da aka turo maka ta WhatsApp an matse shi, in aka faɗaɗa shi zuwa girman allo sai ya dushe, gefensa ya farfashe. Ka nemi asalin fayil ɗin aikin, irin wanda CorelDraw ke fitarwa, wanda za a iya bugawa ƙarami a hatimi ko babba a bango bai lalace ba, ka adana shi. Ka sani kuma tambarin da aka ɗauko kai tsaye daga samfurin Canva ba naka ba ne kai kaɗai. Ƙa'idar kamfanin ta hana a yi wa irin wannan rajistar mallaka, kuma gobe wani a Kano ko Legas zai iya fitowa da irinsa sak. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC daban take da rajistar tambari, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar ciniki ta tarayya. Mafi haɗari shi ne masu zanen da ke ƙirƙiro lambar NAFDAC su manna a robar zuma ko yaji don kaya ya yi kwarjini. Wannan laifi ne, kuma ranar da aka kama, mai kayan ne zai amsa tambaya. Gara a rubuta sunan mai yi, da garinsa, da ranar da aka yi, a bar wurin lambar har a same ta ta halal.

Ba cewa nake a jefar da waya a koma ga buroshi ba, ko da yake fenti mai kyau a kan ƙarfe ya fi bana jure ranar bazara nesa ba kusa ba. Cewa nake matashi mai zane ya ɗaga kai daga wayar ya dubi abin da ke kewaye da shi. Ga aska takwas a wuyan babbar riga, ga zanen ƙwarya, ga adon dukawan Sakkwato a kan jar fata, ga zayyanar allon sauka, ga dagin Arewa. Tsofaffin masu rubutun fenti da masu zanen jikin manyan motoci suna nan da ransu, kuma sun san girman harafin da mai babur zai iya karantawa yana tafe. A je a zauna da su a tambaya.

Kai kuma mai shago, da ke shugabar ƙungiyar mata, in an kawo muku zane kada ku yi saurin cewa ya yi. Ku sa a buga shi a takarda, ku nuna wa tsohuwa ɗaya da yaro ɗaya a unguwa, ku tambaye su me suka gani da kuma me ake sayarwa. In sun kasa faɗa, ku mayar wa mai zanen ya sake, kada ku biya sai ya gyara.