Carbi a Bango, Kare a Ƙasa: Nazarin Zanen Arnolfini

A shekarar 1434 Jan van Eyck ya zana wani attajiri ɗan asalin Lukka ta Italiya, mazaunin birnin Buruj, da ake kyautata zaton Giovanni Arnolfini ne, tare da matarsa. Zanen yana ajiye a gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Landan tun 1842.

Duk abin da ke ɗakin shelar wadata yake yi. Tufafinsu masu shafin gashin dabba ne, alhali itacen da ke bayan taga ya yi 'ya'ya, alamar lokacin zafi ne. Lemon da ke bakin taga daga ƙasashen kudu ake kawo shi da tsada. A tsakanin ƙafafunsu kuwa ga ɗan kare mai yalwar gashi, wanda ba ya farauta, ba ya tsaron garke ko gona, wato ya fita daga dalilan da sunna ta yi rangwame a kansu. Karen ado ne.

A 1934 Erwin Panofsky ya fassara zanen da cewa shaidar ɗaurin aure ce: karen alamar amana ne, mutum biyun da ake hangowa cikin madubi shaidu ne, mai zanen kuma ya rubuta a bango cewa ya halarta. Sai dai bincike ya nuna matar da aka san wannan attajiri ya aura, Costanza Trenta, ta rasu tun kafin ƙarshen 1433. Shi ya sa a 2003 Margaret Koster ta karanta shi a matsayin zanen tunawa da mamaciya, tana kafa hujja da kyandir ɗin da ke ci a ɓangaren mijin, na ɓangaren matar kuwa ya mutu.

Nan raunin fassarar farko yake. Shaidar da ta kasa bambance amarya da mamaciya ba ta tabbatar da komai. Shi ya sa fiƙihu ya ɗora aure a kan adilai biyu masu magana, waɗanda alƙali zai iya tambaya.

Gwanintar Van Eyck ba abin musu ba ce, kuma gaskiyarsa ta fi ƙarfin yabon da aka biya shi ya yi. Ya rataye carbi a bango kusa da madubi, babu hannun da ke jan sa, ya kuma ajiye karen a gaba, yana kallon mai kallo. Wanda ya saba ganin hotunan kafin biki da dawisu a farfajiyar attajiranmu zai gane wannan jerin.