Da Wane Mudu Ake Auna Ɗalibin Da Ya Je Hidima Ƙetare? Sharhi Daga Ƙasar Garu

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda sharhi ce a kan yadda jami'o'i suke auna abin da ɗalibansu suka koyo idan sun tura su wata ƙasa su yi wa jama'a hidima a matsayin wani ɓangare na karatu. An ɗauki garin Garu da ke arewa maso gabashin Gana a matsayin misali, tare da leƙawa Bawku da Yendi da Salaga. Abin da takardar take son nunawa shi ne, ma'aunan da aka fi dogara da su sun tsaya ne a kan abin da ɗalibi ya faɗa game da kansa, kuma da Turanci, alhali babbar shaidar cewa ya koyi wani abu tana bakin mutanen da ya zauna da su. Batun ya shafi ɗaliban harshe kai tsaye, domin su ne gobe za a nema su yi tafinta, ko su koyar da masu tafiya, ko su jarraba su in sun dawo.

2.0 Koyo Ta Hanyar Hidima

Tushen wannan tsari yana cikin ra'ayin John Dewey, wanda a 1938 ya nuna cewa ilimi yana samuwa ne daga abin da mutum ya aikata ya kuma yi tunani a kansa. A 1984 David Kolb ya tsara wannan ra'ayi hawa huɗu, wato aikatawa, da waiwaye, da fitar da darasi, da gwada darasin a wani aikin. A 2011 Robert Bringle da Julie Hatcher da Steven Jones suka fitar da littafi guda a kan irin wannan koyo idan ya tsallaka ƙetare.

Tsarin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Jami'ar Boston ta yi shekaru tana tura ɗalibai Yamai, suna koyon Hausa ko Zabarmanci suna kuma aiki da jama'a, har zuwa 2011 da aka dakatar da shirin saboda tsaro. A Gana kuwa, Jami'ar Nazarin Raya Ƙasa ta Tamale, wadda aka kafa a 1992, ta keɓe zangon karatu na uku domin ɗalibai su zauna makonni a ƙauyuka su rubuto rahoto a kan al'ummar da suka tarar. Ko da yake wannan na cikin gida ne, ɗalibin da ya taso a Kumasi aka kai shi wani ƙauye a ƙasar Garu, shi ma baƙon harshe ne.

3.0 Ma'aunan Da Aka Saba Amfani Da Su

3.1 Littafin Waiwaye

Wannan littafi ne da ɗalibi yake rubuta abin da ya gani da abin da ya ji a ransa. A 2009 Sarah Ash da Patti Clayton suka ba da tsari mai hawa uku domin inganta shi: ɗalibi ya bayyana abin da ya faru, ya yi masa nazari, sannan ya fayyace abin da ya koya. Amfaninsa a fili yake, domin yana hana ɗalibi wucewa ta kan al'amari ba tare da tunani ba. Illarsa ita ce, mai rubutun shi ne mai ƙara, shi ne kuma shaida. Malamin da ke ba da maki yana zaune a ofis, ba shi da hanyar sanin ko abin da aka rubuta haka ya faru. Saboda haka makin yakan tafi ga wanda ya iya rubutu.

An taɓa ba ni rahoton wata ɗaliba daga wata jami'ar ƙetare in duba. Ta yi mako huɗu a Garu tana aiki da wasu masu sayar da albasa. Ta rubuta cewa ta kawo musu shawarar su haɗa kuɗi su gina rumbun ajiya, kuma duk sun amince, domin kowa ya ce "to", babbansu ma ya ƙara da "Allah ya kai mu". An ba ta cikakken maki. Duk ɗalibin Hausa ya san cewa "to" tana iya nufin na yarda, tana iya nufin na ji, tana ma iya zama hanyar rufe zance cikin ladabi. "Allah ya kai mu" kuwa addu'a ce, ba a riƙe mutum da ita a matsayin alkawari. Ɗalibar ta dawo gida da kuskuren fahimta, littafin waiwayen kuma ya mayar da kuskuren ya zama nasara.

3.2 Takardar Tambayoyi

Hanya ta biyu ita ce a ba ɗalibi takardar tambayoyi kafin tafiya da bayan dawowa, a ga ko an sami canji. Wadda ta fi shahara ita ce IDI, mai tambayoyi 50, wadda Mitchell Hammer da Milton Bennett suka tsara bisa ra'in Bennett na 1986 game da yadda mutum yake karɓar bambancin al'adu. Wannan tana ba da alƙaluma da za a iya kwatantawa, shi ya sa hukumomin jami'a suke son ta. Sai dai har yanzu ɗalibin ne yake ba da amsa a kan kansa, kuma ɗalibi mai wayo ya san amsar da ake so. Ban da haka, takarda ɗaya ce ake ba wanda ya je Garu da wanda ya je Indiya. Ba ta tambayar ko ɗalibi ya san yadda ake gaida Naba, ko ya gane dalilin da ya sa ba a kiran taron manoma da hantsi a tsakiyar damina.

3.3 Ƙidayar Aiki

Hanya ta uku ita ce a ƙirga sa'o'in da ɗalibi ya yi, ko ajujuwan da ya shafa wa fenti. Wannan lissafin aiki ne kawai. Tun a 1968, a jawabinsa na Kuwernabaka a Meziko, Ivan Illich ya gargaɗi matasan Amurka cewa kyakkyawar niyya ba ta isa ba, musamman ga wanda ba ya jin harshen mutanen da ya zo taimaka wa.

4.0 Matsayin Harshe A Ƙasar Garu

Idan an yarda cewa harshe ya shiga cikin ma'auni, sai a tambaya, wane harshe? A nan ne ɗaliban Hausa ya kamata su yi hattara. Mafi yawan mutanen Garu da Bawku Kusasi ne masu magana da Kusal, ga kuma Bimoba da Bisa da Mamprusi da Mosi. A Yendi, mazaunin Ya Na, Dagbani ne harshen ƙasa. A Salaga kuwa Gwanjanci ne. Hausa ita ce ta kasuwa da zango da tashar mota, ita ke haɗa waɗannan al'ummomi idan sun zo ciniki. Asalin hakan fataucin goro ne tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. A Salaga ne Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna kafin yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, daga baya ya koma Kete Karachi inda ya rasu a 1934.

Abu biyu ne ke fitowa daga wannan bayani. Na farko, ɗalibin da ya iya Hausa zai yi hulɗa da 'yan kasuwa da mazauna zango, amma zai iya rasa tsohuwar da ke ƙauye wadda ba ta jin komai sai Kusal. Ke nan rahotonsa zai karkata ga ra'ayin maza da mutanen gari idan bai lura ba. Na biyu, Hausar da zai ɗauko a can ta sha bamban da daidaitacciyar Hausa. Da yawa daga masu magana da ita ba sa bambanta jinsin namiji da na tamace, ba sa kuma rarrabe ƙ da k, ko ɗ da d. Malamin da zai auna shi da mudun Kananci zai kayar da shi a kan abin da ya koya daidai daga bakin masu masaukinsa.

5.0 Ma'aunin Da Ya Fi Dacewa

A ra'ayina, ya kamata a ƙara abubuwa uku a kan littafin waiwaye.

Na ɗaya, jarrabawar baka kafin tafiya da bayan dawowa. Akwai abin koyi a tsarin Peace Corps, wadda Gana ce ƙasar farko da ta karɓi 'yan sa-kanta a watan Agusta 1961. Ana yi wa 'yan sa-kan hira da harshen wurin aikinsu a ƙarshen horo, bisa matakan ACTFL da aka fara fitarwa a 1986, waɗanda suke duba abin da mutum ya iya yi da harshe. Ga mai mako huɗu a Garu, a jarraba shi a kan gaisuwa, da ciniki, da neman izini, da gane amsar da ke nufin a'a ko da ba a ce a'a ba. Ba a buƙatar ya zama gwani, ci gaban da ya samu ake aunawa.

Na biyu, duk maganar da ɗalibi ya jingina wa wani a rahotonsa, ya kawo ta da harshen da aka faɗe ta, ya bi ta da fassara, ya kuma faɗi ko da tafinta aka yi hirar. Da an yi haka, da an kama kuskuren "to" tun da wuri.

Na uku, a ba masu masauki wani kaso na makin. Nan ma akwai matsala, domin baƙo raɓa ne, kuma kunya ba za ta bar mai gida ya kushe baƙonsa a gaban malaminsa ba. Maganin wannan shi ne a guji tambayar ko ɗalibin yana da kirki. A tambayi abin da ake iya gani: ko yana zuwa lokacin da ya ce zai zo, da wa da wa ya yi magana, ko an ci gaba da amfani da abin da ya bari. Ɗan gari mai jin harshen ne zai yi tambayar, bayan ɗalibin ya tafi, a kuma biya shi ladansa.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta duba ma'aunai uku da ake amfani da su, ta nuna cewa littafin waiwaye da takardar tambayoyi sun dogara da shaidar ɗalibi a kan kansa, ƙidayar aiki kuwa ba ta taɓa batun koyo ba. Gyare-gyaren da aka kawo suna cin kuɗi da lokaci, kuma suna buƙatar masu jarrabawa da suka san Hausar zango da Kusal, waɗanda ba su da yawa a jami'o'i. Horar da irinsu aikin sassan harsunan Afirka ne. Muddin ba a samar da su ba, za a ci gaba da ba da maki a kan hidimar da waɗanda aka yi dominsu ba a taɓa tambayarsu yadda ta kasance ba.