Daso: Shekara 24 Ana Ba Ta Rol Ɗaya

Mai karatu, in dai ka yi kallon finafinan Hausa a farkon shekarun 2000, ba sai na gabatar maka da Daso ba. Mu a nan Ƙofa, gida ɗaya ne a layinmu ke da bidiyo da janareto a lokacin, don haka bayan isha'i matan unguwa kan cika tsakar gidan maƙil. Da ta bayyana a akwatin, tun kafin ta buɗe baki, sai ka ji wata daga baya ta ce, "To, ga makirar nan ta iso!" Akwai wata tsohuwa da har tsaki take ja tana Allah wadai. Amma ran da aka sa kaset ɗin da babu ita, su ɗin dai ne za su tashi suna cewa fim ɗin lami ne.

Sunanta Saratu Gidado. An haife ta ran 17 ga Janairu, 1968, ta kuma shigo industiri a shekarar 2000 da fim ɗin Linzami Da Wuta na kamfanin Sarauniya. Daga nan sai su Nagari, Gidauniya, Mashi da Sansani. Ka lura da lissafin: tana da shekara 32 ta fara. Lokacin kuwa Sangaya ya riga ya juya kasuwa, furodusoshi 'yanmata suke nema masu rawa da waƙa. Mace mai shekara talatin da ɗoriya ba ta da gurbi a filin rawa. To amma labarin soyayya ba ya tafiya sai da wanda zai tare hanya, kuma nan ne aka ajiye ta: kishiya, uwar miji, matar uba, mai safa da marwa gidan boka.

Ni a ganina wasan Daso wasan daɓe ne da aka ɗauka da kyamara. Ba abin mamaki ba ne, domin ita kanta sana'ar daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ta fito. Ai 'yan Tumbin Giwa ne suka yi Turmin Danya a 1990. A daɓe dole na kujerar ƙarshe ya ji ka, ya kuma gane nufinka daga tsayuwarka. Haka take yi. Ta riƙe ƙugu, ta karkace ɗaurin ɗankwali, ta tafa hannu, ta dalla harara, sannan murya ta biyo baya. Abin da ya raba ta da masu kwaikwayonta shi ne ta san lokacin sakin magana. Takan bar abokin wasa ya gama, ta yi shiru na ɗan daƙiƙa tana kallonsa sama da ƙasa, sannan ta yaɓa masa baƙar magana. Wannan ɗan shirun ya fi ihun zafi, kuma ba kowa ke da shi ba.

Akwai wani abu da 'yan kallo ba su cika sani ba. A wancan zamani finafinai da dama ba su da rubutaccen zance. Darakta ya faɗi abin da sin ya ƙunsa, 'yan wasa su cike sauran daga bakinsu. Ke nan duk wanda ya yi aiki a wannan yanayi, habaici da gatse da gugar zanar da suka fito daga bakinsa akwai nasa a ciki. Daso ta taya marubuta aikinsu, su kuwa ba su taya ta nata ba.

A nan ne ƙorafina yake. Ka tuna finafinan da ka gani nata, ka tambayi kanka: sau nawa aka gaya mana dalilin muguntar matar da take fitowa a matsayinta? Kusan kullum haka nan ake sako ta, muguwa tun sin na farko, kamar da mugunta aka haife ta. Ba a nuna mana auren dolen da aka yi mata, ko mijin da ya juya mata baya, ko tsoron da take ji na a fitar da ita da 'ya'yanta daga gado. A ƙarshe ta haukace, ko asirinta ya tonu ta durƙusa tana kuka, a rufe fim. Ku masu karatun littattafai kun san ana iya yin abin da ya fi haka. A Alhaki Kwikwiyo Ne, Balaraba Ramat Yakubu ba ta tsaya kan rigimar Rabi da Delu ba, ta bi sawun ɓarnar har zuwa kan Alhaji Abdu, maigidan da ya haddasa ta. A finafinan da ake ba Daso kuwa, sau da yawa maigida bawan Allah ne da aka shanye, laifi duka na mace ne. Matan da ke zagin ta a tsakar gidan nan, rabinsu da kishiyoyi suke zaune, kuma darasin da ake maimaita musu kenan dare bayan dare.

Ba zan wanke ta sarai ba. Akwai finafinan da ta zarce gona da iri, ta yi ta ɗaga murya a inda kyamara ta matso kusa, inda motsin ido kaɗai ya isa. Akwai kuma waɗanda da gani ka san ta zo ne ta yi abin da ta saba ta tafi. Sai dai rage wa ɗan wasa wuta aikin darakta ne, su kuwa daraktocin ihun suke so, don shi ke sayar da kaset a Ƙofar Wambai. Ba a makaranta ta koyo ba, na bayanta ma haka. (Mu mutanen Ƙofa ba mu manta ba: a nan garin aka shirya kafa alƙaryar 'yan fim a 2016, har da wurin horaswa, sai gwamnatin tarayya ta janye bayan malamai sun yi ca.)

A shekarunta na ƙarshe, wayar hannu ta yi mata abin da furodusoshi suka kasa. Gajerun bidiyoyin da take saki a Instagram da TikTok sun nuna wata Saratu daban, mai raha da barkwanci, mai tsokana, mai dariya har da ƙyaƙyatawa. Mutane suka riƙa mamaki wai ashe haka take. Ni ba halinta ne ya ba ni mamaki ba, asarar ce ta dame ni: ga 'yar wasan barkwanci cikakkiya, ga uwar da za ta iya ɗaukar fim sukutum a kanta, an bar ta shekara da shekaru tana zuba magani a abinci.

Ta rasu a Kano ran 9 ga Afrilu, 2024, ranar ƙarshe ta azumi, bayan ta yi sahur ta koma ta kwanta. Shekararta 56. Allah ya jiƙanta da rahama.