Mai Yawon Hutu a Idon Mai Gida: Sharhi a kan Littafin A Small Place na Jamaica Kincaid

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu yi sharhi a kan wani ɗan littafi na zube mai suna A Small Place, watau ƙaramin wuri, wanda Jamaica Kincaid ta wallafa a shekarar 1988. Littafin yana magana ne a kan tsibirin Antigwa na yankin Karebiyan, inda Turawa da Amurkawa ke tururuwa domin hutu. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa ƙarfin littafin yana cikin salonsa ne, kuma daga wannan salon ne rauninsa ya ɓullo.

2.0 Tsibirin da Marubuciyar

Faɗin Antigwa murabba'in kilomita 281 ne. Turawan Ingila sun mamaye ta a 1632, suka cika ta da gonakin rake waɗanda bayin da aka kwaso daga Afirka suka noma, har zuwa 1834 da aka 'yanta su. Da noman rake ya durƙushe, sai ƙasar ta koma dogaro da baƙi masu yawon hutu. Ta sami mulkin kai tare da Barbuda a 1981, Vere Bird ya zama Firayim Minista. Masu tallata ƙasar kan yi alfahari da cewa tana da bakin teku 365, watau kowace rana ta shekara da nata.

A wannan tsibiri aka haifi Kincaid a 1949. Ta tafi Amurka aikin raino tana budurwa, ba ta komo ba sai bayan kusan shekara 20. Abin da ta gani a wannan komowa shi ne tushen littafin.

3.0 Jigo da Salo

Jigon littafin shi ne cewa jin daɗin baƙo a kan wahalar mai gida aka gina shi. Domin warware wannan jigo, marubuciyar ta ari zubin takardun talla na kamfanonin yawon hutu, waɗanda kan yi wa mai karatu magana kai tsaye da wakilin suna na mutum na biyu. To, ita ma haka ta yi. Ta tarbi mai karatu a filin jirgin sama, ta sa shi a tasi, ta bi da shi hanyar masaukinsa. Bambancin shi ne, duk abin da mai talla zai yaba, ita sai ta juyo bayansa.

Alal misali, baƙo yana murnar cewa ba za a yi ruwa a kwanakin hutunsa ba, alhali wannan rana mai haske ita ce farin da ke hana mazauna ruwan sha. Yana sha'awar shuɗin teku, sai ta tuna masa cewa babu ingantacciyar hanyar zubar da ƙazantar masauki, ƙila a tekun take ƙarewa. Abincin da ke gabansa kuwa, yawancinsa daga Mayami aka kawo shi a jirgi. Da wannan dabara mai kallo ya zama abin kallo, domin ta nuna cewa 'yan ƙasa suna lura da shi, suna yi masa dariya, suna kuma ƙyashin yadda yake iya barin gidansa ya huta, su ba su iyawa.

Hoton da ya fi tasiri shi ne na ɗakin karatu na babban birnin. Girgizar ƙasa ta lalata ginin a 1974, aka kafa allo mai alkawarin gyara, allon ya fi shekara 10 a tsaye ba a yi komai ba. A nan marubuciyar ta haɗa laifin mulkin mallaka da na shugabannin bayan 'yanci a wuri ɗaya, ba ta ƙyale ko ɗaya ba.

Akwai kuma abin da ya shafi masu fassara. Wakilin sunan da ta yi amfani da shi a Ingilishi ba ya bambanta namiji da mace, ko tilo da jam'i. Mai fassara zuwa Hausa dole ne ya zaɓa tsakanin kai da ke da ku, kuma duk wanda ya zaɓa, wasu masu karatu za su kuɓuta daga zargin.

4.0 Raunin Littafin

Hausawa kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai mai ɗakin namu daga Amurka ta komo, can kuma ta koma. Direban tasi da mai gyaran gado a masauki, waɗanda tuwonsu ya dogara ga zuwan baƙi, ba mu ji muryarsu ba. Tun da mai magana ɗaya ce, kuma baƙo take fuskanta, sai 'yan ƙasa suka zama abin nuni da yatsa, kamar yadda suke a takardun talla. Har ila yau, ta zana su tamkar mutanen da ba su fahimci halin da suke ciki ba, abin da tarihin ƙungiyar ƙwadagon da aka kafa a tsibirin a 1939 bai goyi bayansa ba. Bugu da ƙari, littafin bai ce komai a kan abin da ƙasar za ta ci in baƙi suka daina zuwa ba.

5.0 Kammalawa

Duk da wannan rauni, muna ganin littafin ya cancanci nazari. A 2001 Stephanie Black ta yi amfani da shi a fim ɗinta Life and Debt, wanda ya shafi Jamaika, abin da ke nuna cewa hujjojinsa sun wuce tsibiri ɗaya. A 2017 kuwa guguwar Irma ta rushe Barbuda, aka kwashe mutanenta baki ɗaya, daga baya aka shiga jayayya a kan mallakar ƙasarsu da gina manyan masaukai a kanta. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Aikin da ya rage ga manazarta shi ne su nemo rubuce-rubucen da ma'aikatan waɗannan masaukai suka yi magana da bakinsu, a kwatanta su da wannan littafi.